Agogon Wa Muke Bi?

Da zarar yaro ya shekara biyu sai mu ce lokaci ya yi: a sayo fo, a daina famfas, a ware masa shimfiɗa. Lokacin wa? In za mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau da yawa namu ne. Famfas ya yi tsada, makarantar raino ba ta maraba da mai jiƙa wando, ga ƙani na tafe.

Waɗannan dalilai ba abin kunya ba ne, uwar da ba ta samun barci ita ma tana da haƙƙi. Zaluncin yana shigowa ne idan muka tsayar da rana don kanmu, kamar ranar miƙa manhaja a ofis, sannan muka doki yaro don jikinsa bai kai ba. Tun 1962 likitan yara na Amurka, Brazelton, ya ba da shawarar a jira yaron ya nuna ya shirya. Fitsarin kwance kuwa, likitoci ba sa ɗaukarsa matsala kafin shekara 5.

Kwana shi kaɗai ya fi wuyar sha'ani. Iyayenmu kan yaye yaro su kai shi ɗakin kaka, ya rabu da nono amma yana kwana jikin mutum. Mu da muke gidan haya, nesa da kaka, sai mu ja masa ƙofa a ɗakin da in an ɗauke wuta ko tafin hannunsa ba ya gani, mu ce tarbiyya ce. Hadisin da muke yawan kafa hujja da shi kan raba wa yara shimfiɗa, shekara 10 ya ambata.