Bindigar da ta zauna a hannu

A gefen unguwarmu Gbalahi, nan Tamale, akwai wani tsohon maƙeri da ba ya sayar wa mutum fartanya sai ya ga tafin hannunsa. Zai kama hannun ya juya, ya dubi tsawon yatsu da inda kanta ta fito, sannan ya ɗauko ƙota ya sassaƙe ta daidai da mai ita. Ya ce ƙotar da ba ta dace da hannu ba, kafin azahar ta tara wa manomi ruwa a tafi. Na daɗe ina sha'awar wannan ɗabi'a tasa, har ranar da na je ɗaukar muryarsa don wani shiri, ya ba ni labarin aikin da ya ƙi karɓa.

Wani saurayi ne ya zo masa da magariba da ƙaramar bindiga a naɗe cikin tsumma. Buƙatarsa ƙarama ce: mariƙin ya yi masa kauri, yana so a rage, a gyara shi ya zauna masa a hannu. Tsohon ya mayar masa da ita. Na ce, "Baba, ai ba kai ka ƙera ta ba, kuma ko ka taɓa ko ba ka taɓa ba, harbi za ta yi." Ya ce, "Ɗana, na fi so duk lokacin da ya ɗauke ta ya ji ta baƙuwa ce."

Tun ranar maganar nan take bina. Shin laifi ne a sauƙaƙa wa hannu riƙon abin da aka yi don kisa?

Kayan aiki idan ya dace da hannu, mantawa ake yi da shi. Manomi ba ya tunanin fartanya, tunanin kunya yake yi. Ni ma a ɗakin watsa shiri, ranar da na tuna akwai makirufo a gabana, to ranar wani abu ya lalace. Wannan mantuwa alheri ce ga lauje da allura da alƙalami. Ga bindiga kuwa, abin da ake mantawa da shi shi ne nauyin abin da ake shirin aikatawa. Fushi ba ya daɗewa a tsaye. Yakan buƙaci 'yan daƙiƙu kawai ya fara sauka. Duk abin da ya cinye waɗannan daƙiƙu, ko da kaurin mariƙi ne, yana aiki ne a madadin wanda ke gaban bakin bindigar.

Mu nan mun san bindiga tun muna yara. A bikin Damba da na Bugum muna ganin Kambonsi, mayaƙan gargajiyar Dagbon, suna ɗura albarushi a dogayen bindigoginsu, su tsuke, su harba sama, hayaƙi ya turnuke fili. Wanda ya tsaya kusa ya san tsakanin harbi da harbi akwai aiki da jira. Mun kuma san ɗaya fuskar. A 1994 rikicin da ake kira Yaƙin Zabuwa, wanda ya faro daga gardamar ciniki a kasuwar Nakpayili, ya ci rayuka sama da dubu a arewacin Ghana. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a Yendi tare da mutanensa da dama. Ina yaro lokacin, abin da na fi tunawa shi ne dokar hana fita da yadda iyayenmu ke rage murya idan rediyo ya fara labarai. Sai a Janairun 2019 Dagbon ta samu sabon Ya-Na. Mutanen da suka ga wannan ba sa jin maganar "daɗin riƙo" kamar yadda mai harbin wasa a Turai ke jin ta.

Amma ba zan yi wa gaskiya rowa ba, akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren. Bindigar da ba ta zauna a hannu ba takan kauce, harsashin da ya kauce kuwa ba ya komawa gida. Wani yake samu. Ka ɗauki 'yar sanda mai ƙaramin hannu da aka ba ta makamin da aka auna da hannun ƙaton namiji. Idan ranar tsiya ta zo a tsakiyar kasuwar Aboabo, mai tallan doya da ke gefe ya fi kowa buƙatar riƙonta ya zama daidai. Kamfanoni sun gane haka: Glock na ƙasar Ostiriya, daga 2010, ya riƙa sayar da bindigoginsa da ɓangarorin bayan mariƙi da ake sauyawa gwargwadon girman hannu. A nan dacewa da hannu kariya ce ga bayin Allah.

Abin da ya warware mini kullin ya fito ne daga birnin Niyok na Amurka. Shekaru da yawa 'yan sandan birnin sun kasance suna riƙe bindigogin da aka ƙara wa kunamarsu tauri da gangan, har sai yatsa ya ja da ƙarfin kusan kilo 5 da rabi, alhali yadda kamfani ya saba fitar da ita bai wuce kilo 2 da rabi ba. Dalili shi ne kada firgici ya harba abin da hankali bai yanke ba. An yi ta sukar tsarin cewa yana rage saiti, kuma sukar tana da tushe. Duk da haka, abin lura shi ne hukuma ce ta zauna ta ce a bar wani wuri guda da zai yi wa hannu gardama.

Saboda haka ni a ganina tambayar ita ce, idan an cire jinkiri daga mariƙi, ina aka mayar da shi? Ɗan sanda yana da horo, da rajistar da ake rubuta lambar makaminsa, da shugaban da zai ƙirga harsasansa da yamma. Mai lasisi yana da takarda da suna a ofishin 'yan sanda. Ghana ma ta kafa hukumar kula da ƙananan makamai da dokar 2007, saboda yawan bindigogin da ke yawo ba rajista, ciki har da ƙirar maƙeran gida. Saurayin da ya zo da magariba ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kaurin mariƙin nan shi kaɗai ne abin da ya rage tsakaninsa da yatsansa, shi ne kuma ya zo a cire masa.

Na san za a ce wani maƙerin zai yi masa, kuma mai yiwuwa an yi. Na faɗa wa tsohon haka. Bai musa ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce wa jikansa ya ci gaba da zuga wuta, ya miƙa hannu ya karɓi tafin wata mata da ta zo sayen lauje, ya fara auna yatsunta.