Wanda Ya Faɗi Ya Tashi

Karanta Ayyukan Manzanni 15:36-41

'Yan'uwa cikin Almasihu, a kowace ekklisiya akwai wanda ya daina zuwa sujada, ba domin ya musunci Ubangiji ba, amma domin kunya. Wani ya faɗi jarrabawa, wani jarinsa ya karye, wani kuwa an ɗora shi a kan horo. Shaiɗan ya kan raɗa wa irin wannan mutum cewa tasa ta ƙare. Ƙarya ya ke yi.

Ku dubi Yohanna Markus. Bulus da Barnaba suka ɗauke shi mataimaki a tafiyarsu ta fari. Da suka kai ƙasar Bamfiliya, sai ya rabu da su, ya koma Urushalima. Sa'anda za su sāke fita, Bulus ya ƙi tafiya da shi sam, har gardama ta raba manyan bayin Allah guda biyu. Ina misalin kunyar saurayin nan! Amma Barnaba ya kama hannunsa, suka shiga jirgi zuwa Kubrus, ya sāke sa shi cikin aiki. Bayan shekaru, Bulus yana kurkuku, ya rubuta wa Timothawus ya zo masa da Markus, gama ya ga amfaninsa (II Timothawus 4:11). Wanda aka ƙi jiya, shi aka aika a kira. Sunansa kuma ke bisa Bishara ta biyu har wa yau.

Faɗuwar Markus laifinsa ce. Akwai kuwa wadda ba laifin mutum ba. A shekara ta 1893 samari uku suka sauka Ikko da nufin kawo Bishara ƙasarmu, watau Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida, bai buɗe tasha ko ɗaya ba. A 1900 ya sāke zuwa, zazzaɓi ya mai da shi. Duk da haka ya tara waɗansu ya aiko, a 1902 aka kafa tasha a Patigi. Da ya ce sau biyu ya isa, ekklisiyoyi nawa ne da ba su tsaya a yau ba?

Me za mu koya?

Na ɗaya, kira abin da sunansa a gaban Allah. In zunubi ne, ka tuba. In hasara ce kawai, kada ka ɗora wa kanka laifin da Allah bai ɗora maka ba.

Na biyu, kada ka ɓuya. Garwashin da aka ware daga murhu shi ke fara mutuwa. Ranar Lahadi ka zo, ko da benci na baya za ka zauna.

Na uku, koma bakin aiki, kome ƙanƙantarsa. In ruwa ya ɗauke, shukar fari ta ƙone, manomi ba ya sayar da gona. Ya kan jira ruwa, ya sāke shuka.

Ku dattawan ekklisiya, wa zai zama Barnaba a garinku? Kun san gidan wanda ya watse. Kada watan nan ya mutu ba ku yi sallama a ƙofarsa ba.

Ubangiji shi tashe mu duka. Amin.