Bikin Wa Muke Yi? Tunani A Kan Murna, Bashi Da Zaman Iyali



Wata ranar Lahadi a Dutse, bayan an tashi daga Misa jama'a sun watse, wani saurayi ya tsaya yana jiranmu a ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin majami'a. Mun san shi tun yana ƙaramin yaro mai yi mana hidima a bagade. Ya gama karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ya yi bautar ƙasa, ya kuma sami aikin koyarwa a wata makaranta a cikin gari. Shekara biyu ke nan da iyayensa suka kai gaisuwa gidan yarinyar da yake so, sau biyu kuma ana sa rana ana ɗagawa.

Ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙa mana. A ciki an jera kuɗin zauren biki, da anko, da masu kiɗa, da mai hoto, da shinkafa, da lemo, da motocin ɗaukar dangi. Da muka haɗa lissafin, sai muka ga ya haura albashinsa na shekara biyu. Ya ce mahaifinsa ya yanke shawarar jinginar da gonarsu da ke wajen Kiyawa domin a fita kunya, alhali ƙanwarsa da ke ajin ƙarshe na sakandare ba a biya mata kuɗin jarrabawa ba tukuna. Sa'an nan ya ce, "Fada, in na yi ƙaramin biki za a ce na wulaƙanta 'yar mutane. In na yi babba, gonar Baba ce za ta tafi. Wanne ne zunubi a cikinsu?"

Tambayar nan ta fi ƙarfin gida ɗaya. Tana nan a Takur da Yalwawa da Gida Dubu, tana nan a Jahun da Birnin Kudu, a gidajen Kirista da na maƙwabtanmu Musulmi. Domin haka muka ga ya dace mu zauna tare mu yi tunani a kanta.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki

Akwai waɗanda za su ce biki ɓarna ne kawai, mai hankali kuwa ba ya ɓarna a lokacin tsanani. Suna da hujja. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na abinci suka bi bayanta. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, duk wanda ya shiga kasuwar Shuwarin da wannan kuɗi kuwa ya san iyakar inda zai kai shi.

Duk da haka ba za mu iya cewa murna laifi ce ba. Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a shekara ta 1274, ya koyar cewa kamar yadda jiki ke bukatar hutu bayan aiki, haka rai ke bukatar nishaɗi, har ya lissafta rashin fara'a da ɓata wa mutane jin daɗinsu a cikin aibobin hali. Ya kawo wani tsohon labari game da Manzo Yohanna: wai an tarar da shi yana wasa da almajiransa, wani ya ga abin bai dace da dattijo irinsa ba. Sai Manzon ya sa wani mai baka ya yi ta harba kibiya, ya tambaye shi ko zai iya ci gaba haka ba tsayawa. Maharbin ya amsa cewa bakan zai karye. Haka ran ɗan Adam yake.

Mu tuna kuma cewa mu'ujizar farko da Yesu ya yi, a wurin bikin aure ya yi ta, a Kana ta Galili, dalilinta kuwa shi ne kada ango da amarya su ji kunya a gaban baƙinsu. Ashe kunyar da ta dami sauranyin namu, Ubangiji da kansa bai raina ta ba. Manomin Miga ko Ringim da ambaliyar 2022 ta cinye masa gona, sa'ad da ya sake ganin kaka lafiya ya tara 'ya'yansa aka yanka kaza, ba wanda ya isa ya ce masa ya yi almubazzaranci. Talaka ma ya fi kowa bukatar ranar da zai ɗaga kai ya ce ya gode wa Allah.

Abin da kakanninmu suke nufi da biki

A bakin iyayenmu mata, kalmar biki tana da ma'ana biyu. Akwai taron, akwai kuma gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta ran suna ko aure, wadda ita ma za a mayar mata da ƙari in nata ya zo. Wannan ta kawo kwanon gero, waccan ta kawo man gyaɗa, wata itace, wata kuma ƙarfinta kawai ta kawo wajen daka da tuƙa tuwo. Kamar gayya ce a gona. Nauyin da zai karya wuyan mutum ɗaya an rarraba shi a kan mutum hamsin, washegari kowa ya koma harkarsa, gidan biki kuma ya tashi da ƙarin dangi da abokan arziki. Wanda ya je bikin nan da hannunsa a ciki ya je, don haka ba ya tsayawa yana auna yawan nama a kwano.

Me ya sauya? Kafin 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ƙaramin gari ne na dabino da duwatsu, fadar sarki tana bisa tudu a Garu. Da ya zama babban birnin jiha sai ma'aikata suka taho daga Kano da sauran wurare, aka gina unguwanni sababbi, a 2011 kuma aka buɗe jami'a. Alheri ne mai yawa, mu ma da dama daga cikinmu wannan hanya ce ta kawo mu. Amma a sabuwar unguwa mutum ba ya zaune cikin danginsa. Waɗanda za su taya shi sun ragu, waɗanda za su kalle shi sun ƙaru. Wayar hannu ta ƙara yawan 'yan kallo, gama hoton bikin da aka yi a Abuja ko Legas yana isa Danmasara a daren da aka yi shi, yarinya ta gani, uwarta ta gani, a kwana ana gwada kai da waɗanda ba a san ta inda kuɗinsu ya fito ba.

Haka biki ya tashi daga hannun masu taimako ya koma hannun masu kallo. Alamarsa a fili take. An fitar da anko mai tsada, gwaggon ango da ta goya shi tana gida ta ce ba ta jin daɗi, alhali kuɗin atamfar ne ba ta da shi. An sa mai gadi a ƙofa yana duba kati, maƙwabcin da ya kai uwar amarya asibiti da tsakar dare yana tsaye a waje. Yesu ya gargaɗi wani mai masaukinsa da ya riƙa gayyatar matalauta da guragu da makafi, waɗanda ba za su iya rama masa ba. Mu kuwa mun kai inda talakan cikin danginmu ma yake jin nauyin zuwa.

Murnar da ba ta bukatar jingina

Muka tambayi saurayin nan yaushe rabonsa da ya ci tuwon dare tare da mahaifinsa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ya kwana biyu. Daga makaranta sai wurin abokai, ran Asabar kallon ƙwallo, ran Lahadi da yamma yawo. Ba mu ga laifin abota ba, ba mu kuma hana matashi fita shan iska. Yawo yana da amfaninsa. Yaran Kirista nawa ne suka tashi suna bin maƙwabtansu kallon hawan Sallah da hawan Bariki, suna sha'awar dawakan Sarkin Dutse? Matasa nawa ne suka tafi Birnin Kudu suka ga zanen da mutanen dā suka bari a jikin duwatsu, suka dawo da labari? Abin tambaya shi ne ko ana komowa gida da wannan murna, ko kuwa a waje take ƙarewa. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Mun lura cewa gidan da ya saba da ƙananan bukukuwa ba ya cika haukacewa a kan babba. Inda ake cin abinci tare, ake yin addu'ar dare tare, inda ɗa ya karɓi albashinsa na farko ya sayo wa uwarsa turmin zane ya durƙusa aka sa masa albarka, inda ake aika wa maƙwabta shinkafar Kirsimeti su kuma su aiko da naman layya, a irin wannan gida ranar aure ɗaya ce cikin ranakun farin ciki masu yawa. Amma gidan da kowa ke cin nasa a ɗakinsa da waya a hannu, shi ne yake so ya biya bashin zumuncin shekara goma a wuni guda, da kuɗin aro. Zumunta a ƙafa take, ba a sayenta a zauren haya.

Ma'aunin da muke ba da shawara

Ya kamata kowa ya san abin da Ikilisiya take bukata domin aure ya ɗauru. Bayan koyarwar shiri da binciken da aka saba, abin da dokar Ikilisiya ta 1983 ta nema shi ne yardar namiji da mace, a gaban firist ko dikon mai izini, da shaidu biyu. Ba ta ambaci zaure ko anko ba. Marigayi Paparoma Fransis, cikin wasiƙarsa ta 2016 a kan ƙauna cikin iyali, ya nuna damuwa cewa katin gayyata da tufafi da shagali suna cinye kuɗin masu shirin aure da ƙarfinsu har su isa bagade a gajiye, wasu kuma suna zama tare ba aure saboda tsoron kuɗin biki. Wannan na ƙarshe muna ganinsa da idonmu: matasa masu ƙaunar juna sun daina karɓar Jibin Ubangiji shekara da shekaru, ba don taurin zuciya ba, sai don ba su tara kuɗin masu kiɗa ba.

Saboda haka kafin a kashe kobo, iyali su zauna su amsa tambayoyi uku. Wa zai biya, shin ya yarda da zuciya ɗaya? In amsar ita ce ƙanwar da za ta rasa jarrabawa, ko tsohon da zai rasa gona, to an ɗauki hakkin wanda ba shi da bakin ƙi, wannan kuwa rashin adalci ne komai kyan hoton. Wa zai kasa zuwa saboda tsarin da muka yi? Yaya gidan zai wayi gari bayan mako guda? Hausawa sun daɗe da sanin biki na rana ɗaya da ke barin wawa da bashi, amarya kuwa ba ta cancanci ta fara zaman aure da sallamar masu bin bashi a ƙofa ba.

Wani zai ce, to mutuncin iyayen yarinya fa? Gaskiya ne, mutunci ba abin wasa ba ne, saurayi kuma ba shi da bakin da zai ce wa surukansa a rage. Don haka nauyin nan a kan manya yake. Iyaye biyu su ne za su iya duban juna su ce daidai ruwa daidai tsaki. Mu firistoci ma da namu laifin, gama sau da yawa mun fi sakin fuska a bikin mai kuɗi, jama'a kuwa suna gani. Wajibi ne ɗaurin auren ɗan lebura ya sami irin wa'azi da waƙa da lokacin da na ɗan babban ma'aikaci yake samu.

Abin da muka ce wa saurayin shi ne, "Ɗana, ƙaramin biki ba zunubi ba ne. Je ka roƙi Baba ya sami surukinka su yi magana, su biyu kaɗai." Da dattawan suka zauna, sai ta bayyana cewa uban yarinyar ma ya kwana biyu ba ya barci saboda kuɗin kayan ɗaki da gara, kowannensu yana jin kunyar ɗan'uwansa. An ɗaura auren wata Asabar da safe. Matan zumunta suka yi girki a tsakar gida, matasa suka kawo kujeru da ganguna, maƙwabta Musulmi suka zo taya murna. Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Wata inna ta amarya ta yi watanni ba ta taka gidan ba, wasu abokan ango kuma sun yi ta zolayarsa. Amma gonar tana nan an shuka ta da damina, ƙanwar kuma ta zauna jarrabawarta.

Yanzu da kaka ke ƙaratowa, ana ta sa ranakun aure, Kirsimeti kuma tana tafe, muna roƙon kowane gida ya ɗauki tambayoyin nan uku ya tattauna su a kan tabarmar cin abinci, yara da manya. Uwarmu Maryamu, wadda ta lura da rashin masu biki a Kana tun kafin baƙi su sani, ta yi roƙo domin matasanmu. Allah ya ba mu murna mai tsabta, ya raba mu da bashin ganin ido, ya albarkaci gidajenmu da na maƙwabtanmu. Amin.