Wai Shin Tsami Aibi Ne?

Mai karatu, in ka taɓa tsayawa a Tambuwal, kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, ka sa aka dama maka fura, ka san nonon da ya kwana a ƙwarya daban yake da madarar gwangwani. Kurɓin farko sai ka ɗan yamutse fuska, a na uku kuwa ka ji maiƙo da ƙanshi sun biyo bayan tsamin.

To, wanda ya kurɓa sau ɗaya ya ture ƙwaryar, ya yi wa mai nonon adalci? Bafulatanar da ta taso daga rugagen Kebbe ba sakaci ta yi madara ta lalace ba. Ɗan tsohon nono take zubawa a sabuwar madara, ƙwayoyin halittar da ke cikinsa su maida zaƙin tsami, tsamin kuma ya hana ta saurin ruɓewa. Haka mai daddawa: ta dafa kalwa, ta rufe kamar kwana 3, warin ya kori baƙo, amma shi ne ran miyar kuka. Can a Beljiyam ma, kamfanin Rodenbach da aka kafa a 1821 yana ajiye jar giyarsa mai tsami har shekara 2 a manyan gangunan katako, sannan ya gauraya ta da sabuwa. Mu dai haramun ce gare mu, dabarar kawai nake nuna maka.

Fim ne ya kawo ni nan. Mun saba da zaƙi: waƙa, rawa, a ƙare da biki. Sa wa matashi Shehu Umar na Adamu Halilu, na 1976, kafin minti 10 ya miƙe. Ko ka ba shi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, na 1990, inda wulaƙancin da Rabi ta sha a gidan miji ya zo ba sukari. Wanda ya biya kuɗinsa yana da damar turewa, ba laifi. Amma mai rubuta wa jama'a "ba kyau", irina, dole ya kai kurɓi na uku.

Sai dai fa akwai nonon da ya wuce tsami ya koma wari. Akwai darektan da zai kawo labari ba kai ba gindi, in an yi magana ya ce ba a fahimce shi ba ne. Irin wannan fim nakan bar shi sati guda in sake sa shi. Sau da yawa kallo na biyu ya fi na farko azaba.