"Ai Kaɗan Nake Sha"

Ya ɗan'uwana mai iyali, mutum yakan ce, "Ni ba mashayi ba ne, kaɗan nake sha." Yakan kuma kawo hujja, wai Ubangiji Yesu ya mai da ruwa ruwan inabi a Kana, Bulus kuwa ya yardar wa Timoti ɗan kaɗan saboda cikinsa. Gaskiya ne, suna nan a rubuce. Amma Littafi Mai Tsarkin nan ya hana buguwa a Afisawa 5:18. Ya kuma ba mu labarin Nuhu, adali, wanda ya bugu ya kwanta tsirara cikin alfarwa, ɗansa Ham ya gan shi. Abin bai tsaya kan Nuhu ba, har jikansa Kan'ana ya shafa.

To, wa zai auna kaɗan ɗin nan? Kai ne? Giya hankali take fara kamawa, hankali kuwa shi ne mudun awon. Bayan kwalba ta biyu mudun ya fashe.

Ka dubi Arlit. Tun da kamfanin Somair ya fara fitar da uraniyom a 1971, Cominak kuma kusa da Akokan a 1978, maza daga Maradi, Tawa da Damagaram suka yi ta tafiya arewa neman albashi. Ga zafi, ga kewar gida, ga kuɗi a hannu ƙarshen wata. Da yawa sun riƙe amana, sun gina gida, sun sayi shanun noma. Waɗansu kuwa gidan giya ya zama musu dangi, ba ɗayansu da ya fara da niyyar lalacewa. Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe Cominak, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki. A ran nan kowa ya ga abin da ya ajiye. Makiyayin Dannet ya fi mu wayo, gama ba ya ƙarar da ruwan salka sai ya san inda rijiyar gaba take.

In kana son awo na gaskiya, ka ba uwar 'ya'yanka mudun. Ku lissafta kuɗin giya ko burkutu na wata guda, ku ga tiya nawa ce ta hatsi, ko littafi nawa na yaro. Ka tambaye ta ko yara sukan gudu ɗaki in sun ji tafiyarka da dare. Yaron da ka aika sayen giya, ai ka nuna masa hanya ke nan.

Ni dai a ganina, uba ya bar ta gaba ɗaya ya fi. In ka ce ba ta fi ƙarfinka ba, gwada wata guda ba ka taɓa ta ba. Amma in hannunka yakan yi rawa da safe sai ka sha, kada ka yanke ta dare ɗaya kai kaɗai, gama jikin da ya saba yakan kai ga farfaɗiya. Ka tafi wurin likita tukuna, ka kuma gaya wa fasto ko wani dattijon ikilisiya ya raka ka.