Shin Ba Wa Kyanwa Nama Almubazzaranci Ne?

Ga wata tambaya da matan aure kan yi a nan Dundaye: mussar gida ta kwanta ciwo, ta ƙi tuwo, ta ƙi komai. Ya dace a dafa mata nama alhali maƙwabta sun kwana biyu ba su ga tsoka a miya ba?

Mai wannan tambaya tana da hujja. Haƙƙin maƙwabci ya fi na kyanwa, babu musu. Amma fa wa ya kawo ta gidan? Ke kika ajiye ta don ɓeraye su bar miki buhun gero. Da tana da lafiya ita ke nema wa kanta, yau ko tashi ba ta iyawa. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, har ta mutu. Wadda ciwo ya kwantar a tsakar gidanki ma ai tsararriya ce.

Kuma ba tsirfa take yi ba. Allah Ya halicce ta maciya nama, akwai sinadarin da ba ta samunsa a gero ko dawa, rashinsa yana taɓa ido da zuciya. In ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ci, hantarta na iya taɓuwa. Abin da take buƙata bai wuce 'yan cokula ba: tsokar kaza ko kifin Rima, a dafa ba gishiri, a cire ƙashi da ƙaya, a dagargaza cikin romo, a ba ta da ɗumi don ƙamshin ya ja ta. Ban da albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini. Don Allah kada ki ba ta farasitamol, kashe kyanwa yake yi. In ta ci gaba da ƙin ci, jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke kusa da mu tana da likitocin dabbobi.

Lafiyayyar kyanwa mai tsintar abinci kuwa, wannan daban. Ba a yanka mata kaza. Ki ba ta kan kifi da guntun da mahauci zai zubar, in ta ɗaga hanci ki bar ta, ɓeraye na nan cikin rumbu.