Wanda Ya Yarda da Mai Sasanci, Ya Ɗauki Alkawari

A ce a Dingaya shanun wani sun shiga gonar maƙwabcinsa da kaka, sun yi ɓarna. Maimakon a kai ƙara Birnin Kudu, su biyun suka yarda dattawa uku su duba gonar, abin da suka yanke kuwa kowa zai karɓa. Dattawa suka yanke buhu biyar na gero. Mai shanu ya ce to, amma kaka ta wuce, wata ta zo, bai biya ba. Aka kai maganar gaban alƙali, alƙali ya tabbatar da hukuncin dattawa, ya ba da umarni a biya, mutumin kuwa ya kwashe hatsinsa ya ɓoye a rumbun ɗan'uwansa. A shari'a wannan shi ake kira raina kotu. Tambayarmu ita ce, a gaban lamiri mene ne sunansa?

Mu lura da abu ɗaya tukuna. Alƙali yana da iko a kanmu ko mun so ko mun ƙi, amma mai sasanci ba shi da wani iko sai wanda muka ba shi da bakinmu. Ranar da mutum ya yarda a sasanta, ya ɗauki alkawari tun bai san inda hukunci zai faɗi ba. A nan darajar alkawarin take, gama wanda zai karɓi hukunci in ya yi masa daɗi kaɗai bai yarda da kowa ba sai son zuciyarsa. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Wanda ya ƙi biya, kafin ya raina kotu ya riga ya raina maganar bakinsa.

Haka abin yake tsakanin ƙasashe. Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar New York ta 1958 a shekarar 1970, wadda a ƙarƙashinta kotunan wata ƙasa suke zartar da hukuncin sasanci da aka yanke a wata. A 2021 masu sasanci a London suka yanke cewa Nijeriya ta biya kamfanin Zhongshan na ƙasar Sin wajen dala miliyan 70, saboda rikici a kan wani yankin masana'antu a Jihar Ogun. Ba a biya ba. A watan Agusta na 2024 duniya ta ji cewa wata kotu a Paris ta ba da izini an riƙe jiragen sama uku na fadar shugaban ƙasa. Jinkirin bai rage bashin ba, sai kunya da ya ƙara a kansa.

Amma wani zai ce, Fada, in hukuncin kansa zalunci ne fa? Tambayar tana da nauyi, tarihinmu kuma yana da amsarta. A 2017 masu sasanci suka ɗora wa Nijeriya dala biliyan 6.6 domin kamfanin P&ID, a kan kwangilar iskar gas ta 2010 wadda ba a taɓa gina masana'antarta a Kalaba ba. Da kuɗin ruwa adadin ya haura biliyan 11. Nijeriya ta je gaban Babbar Kotu a London ta kawo shaida, a watan Oktoba na 2023 kuwa Mai Shari'a Robin Knowles ya samu cewa an yi amfani da cin hanci da zamba wajen samun hukuncin, aka soke shi. Hukuncin da aka saya da toshiyar baki ba ya ɗaure lamiri. Sai dai hanyar warware shi ita ce a fito fili da hujja gaban wanda yake da ikon sauraro. Ɓoye dukiya da dare da yin kunnen uwar shegu ba neman adalci ba ne.

Akwai kuma bambanci tsakanin wanda ya ƙi da wanda ya kasa. Manomin da fari ya cinye gonarsa bai raina kowa ba in ya zo ya faɗi halin da yake ciki, ya roƙi lokaci, ya fara da buhu ɗaya. A nan nauyi ya koma kan mai bin bashi, domin wanda shari'a ta ba gaskiya bai sami izinin taurin zuciya ba.

Bisharar Luka, sura 19, ta ba mu labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda ya ɗauki niyyar mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta, ba tare da wani alƙali ya matsa masa ba. Kowannenmu ya bincike kansa kafin ya matso bagade ranar Lahadi: akwai hukuncin dattawa ko na kotu da na amsa da baki, na kuma riƙe da hannu? In akwai, maƙwabcinka yana jira, wataƙila da geron nan zai ciyar da iyalinsa har damina.

Allah ya ba mu ikon cika abin da muka faɗa. Amin.